Daimon da bakin fensir duk kabon ne, to me ya raba halinsu?

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Akwai wani wuri a darasin ɗaurin sinadarai da ya tsaya mini a rai, na karanta na maimaita amma lissafin ya ƙi fita.

Littafinmu ya ce abubuwan da ɗaurinsu na ayon ne, wato atam masu caji da ke jan juna, kamar gishiri, suna da tauri, kuma sai zafi mai tsanani ke narkar da su. Waɗanda ɗaurinsu na kobalen ne kuwa, inda atam biyu ke tarayya a kan elektron, ya ce ba su da wuyar narkewa, da yawansu ma iska ne ko ruwa-ruwa. Na yarda. Ana juya shafi sai ga shi an ce daimon ɗaurinsa kobalen ne, kuma duk cikin ma'adinan da ake haƙowa babu wanda ya kai shi tauri. To shi kobalen ɗin nan mai ƙarfi ne ko mai rauni?

Na biyun ya fi ɗaure mini kai. An ce girafait, baƙin abin nan da ke cikin fensir, shi ma kabon ne zalla, daidai da daimon. Amma ɗaya yana yanka gilashi, ɗaya kuma ko takarda ta fi ƙarfinsa, tana cinye shi. Ɗaya haske yana ratsa shi, ɗaya baƙi ƙirin. Ɗaya lantarki ba ya bi ta cikinsa, ɗaya yana bi. In atam ɗin iri ɗaya ne, ɗaurin ma sunansa ɗaya, ta ina bambancin ya shigo?

Amsar jarrabawa na riga na haddace ta. Ganewa nake so in yi.

Mai Shirin Jarrabawa ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Mu dai yadda aka koya mana, daimon da girafait da yashi su ne waɗanda dokar ba ta hau kansu ba. Ki rubuta cewa manyan gine-gine ne na kobalen, ki ce girafait yana da shimfiɗa-shimfiɗa masu zamewa, shi ke nan makin ya zo. Kada ki wahalar da kanki.

Tsohon Malamin Kemistiri ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yata, tambayarki ta yi kyau, kuma laifin ba na kanki ba ne, na jimlar nan ne ta cewa abubuwan kobalen ba su da wuyar narkewa, wadda littattafai da yawa ke rubutawa a gaggauce. Kai kuma ɗana mai shirin jarrabawa, makin zai zo kamar yadda ka faɗa, sai dai ban yarda cewa daimon ya fita daga doka ba. Dokar ce aka faɗe ta a karkace.

Ɗaurin kobalen mai ƙarfi ne a ko'ina ya zo, a daimon ne ko a iskar mitan. Duk lokacin da kika ga abu ya narke, ko ya tafasa, ko ya fashe, abin da za ki tambayi kanki shi ne: me aka raba da me a nan?

Ɗauki mitan, kabon ɗaya da haidirojin huɗu. Kowane ɗauri tsakanin kabon da haidirojin yana buƙatar kuzarin da ya kai kusan kilojul 410 a kan kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) kafin ya tsinke. Amma mitan yana tafasa tun a digiri 161 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas, kuma kilojul 8 kacal a kan mol ya ishe shi ya tashi ya zama iska. Ta yaya 8 za ta tsinka abin da ke neman 410? Ba ta tsinka shi ba. Molekul ɗin, wato dunƙulen atam biyar ɗin nan, yana tashi ne sukutum da haidirojin ɗinsa huɗu, abin da ya saki kawai shi ne ɗan jan da ke tsakaninsa da maƙwabtansa, wanda ake kira ƙarfin fandawals. Haka ruwa: in ya tafasa, tururin da ke tashi ruwa ne har yanzu, bai rabu ya koma oksijin da haidirojin ba. Kilojul 41 a kan mol ake kashewa wajen tafasar, alhali ɗauri guda na oksijin da haidirojin ya kai wajen 460. Saboda haka in littafi ya ce abubuwan kobalen ba su da wuyar narkewa, abin da yake nufi shi ne ƙananan molekul ba su riƙe juna da ƙarfi. Cikin molekul ɗin ba a taɓa shi ba.

Daimon ba shi da ƙananan molekul. Kowane kabon yana ɗaure da wasu huɗu, a kusurwa mai digiri 109.5, kowanne cikin huɗun yana ɗaure da nasa huɗun, haka har bakin dutsen. Babu inda za ki sa hannu ki ce nan molekul ɗaya ya ƙare, wani ya fara. Duk ta inda aka nufo shi da niyyar karcewa, ɗaurin kobalen za a tarar, kuma sai an tsinka shi ɗin kansa. Taurin nasa ke nan, shi ya sa ya zauna a kan 10, ƙololuwar ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai.

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne kabon dayoksaid da silika, wato abin da yawancin yashi ya ƙunsa. Silikon yana ƙarƙashin kabon daf a jadawalin sinadarai, kuma a rubuce duka biyun atam ɗaya ne da oksijin biyu. Kabon ƙarami ne, yana iya ƙulla ɗauri mai ninki biyu da kowane oksijin, sai molekul ɗin ya rufe kansa, atam uku, ba ruwansa da kowa. Shi ya sa iska ne, ƙanƙararsa ma a digiri 78 ƙasa da sifili take komawa iska. Silikon ya fi girma, ninki biyun ba ya zauna masa da kyau, sai ya kama oksijin huɗu da ɗauri guda-guda, kowane oksijin kuma ya miƙa ya kama wani silikon. Gini ya tashi ke nan marar iyaka, sai an kai wajen digiri 1,700 zai narke.

Sai girafait. A nan kowane kabon uku yake kamawa, ba huɗu ba, kuma duk a shimfiɗe suke, suna yin zobe-zobe masu kusurwa shida. Ki lura da waɗannan lambobin, don su ne amsar. A daimon tazarar kabon da kabon nanomita 0.154 ce (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). A cikin shimfiɗar girafait 0.142 ce, wato ta fi gajarta, ɗaurin kuma ya fi na daimon ƙarfi. Amma daga shimfiɗa zuwa wadda ke samanta 0.335 ne, fiye da ninki biyu, kuma babu ɗaurin kobalen a wurin, sai dai irin ɗan jan nan da muka gani a mitan. Ki ɗauko bandir ɗin takarda ki ajiye a tebur: ki tura shi ta gefe da yatsa, takardun za su zame a kan juna ba gardama, ki ce za ki yaga shi gaba ɗaya, sai ki ga abin ya gagara. In kina rubutu da fensir, zamewar kike yi, shimfiɗu ne ke ɓarewa suna zama a kan takarda. In kuwa aka ce a narkar da girafait, yagawar ce, shi ya sa yake jurewa har sama da digiri 3,500, kuma a matsin iska na yau da kullum ba ya ma narkewa, tashi yake yi ya zama iska. Abu mai laushi, amma wuta ba ta cin galabarsa da sauƙi in babu oksijin a wurin. Laushin da juriyar zafin duka daga gini ɗaya suka fito.

Saura lantarki da launi. Kabon yana da elektron huɗu a waje. A daimon duka huɗun an ɗaure su, kowanne a wurinsa, babu mai motsi, don haka babu mai ɗaukar lantarki. Hasken da ido ke gani ma ba shi da kuzarin da zai ɗaga su daga inda suke, sai ya ratsa ya wuce abinsa. A girafait uku aka yi aiki da su, na huɗun ya rage, kuma bai tsaya a kan atam ɗaya ba, yana yawo a faɗin shimfiɗar duka. Waɗannan su ke kai lantarki, su ne kuma ke shanye kowane launi na haske, abin ya fito baƙi.

Kada ki ɗauka ke kaɗai abin ya ba wa mamaki. Sai a 1797 Smithson Tennant ya ƙona daimon a Ingila, ya auna iskar da ta fito, ya nuna daidai take da wadda gawayi mai nauyi ɗaya zai bayar. An san kabon ne, amma dalilin bambancin bai fito fili ba sai bayan shekara fiye da ɗari, lokacin da William Bragg da ɗansa Lawrence suka haska daimon da hasken eksire a 1913 suka gano yadda atam ɗin suke jere.

Injiniyan Lantarki ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, an gode da wannan bayani. Ina so in ƙara wasu abubuwa daga ɓangaren masu aiki da kayan nan, don ƙanwata ta ga abin ba a takarda ya tsaya ba.

Burushin da ke gogar ɓangaren da ke juyawa a cikin janareta da ƙananan injinan lantarki da girafait ake yin sa, saboda halayen nan biyu da Malam ya faɗa: yana kai wuta, kuma yana santsi. Sai dai labarin zamewar yana da ƙarashe. Raunin jan da ke tsakanin shimfiɗu shi kaɗai bai isa ba, girafait yana buƙatar ɗan danshin da ke cikin iska kafin ya yi santsi yadda ya kamata. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ga haka ƙiri-ƙiri: jiragen da ke tashi can sama sosai, inda iska ta bushe, burushin janaretocinsu ya riƙa cinyewa da sauri ƙwarai. Inda babu iska sam, kamar sararin samaniya, girafait ba ya aikin mai, sai a koma ga molibdinam daisalfaid, wanda shi ma shimfiɗa-shimfiɗa ne amma ba ya buƙatar danshi kafin ya yi santsi.

Na biyu, daimon ba ya kai lantarki, amma wajen kai zafi ya ninka jan ƙarfe kusan sau biyar. Mutane da yawa suna zaton abu biyun tare suke tafiya, saboda a ƙarfe elektron ne ke ɗaukar duka biyun. A daimon girgizar atam ce ke ɗaukar zafi, kuma da yake atam ɗin marasa nauyi ne, ɗaurin kuma a miƙe yake tamau, girgizar tana wucewa da sauri. Na'urar hannu da masu sayar da duwatsu masu daraja ke ɗorawa a kan dutse don su bambance daimon da gilashi, wannan halin take aunawa.

Na uku, tauri daban, juriyar duka daban. Daimon ba ya karcuwa, amma guduma tana fasa shi, don akwai fuskokin da ɗaurin da ke ratsa su bai kai na sauran yawa ba, ta nan yake tsagewa. Kuma ba a cika yankan baƙin ƙarfe da shi ba, saboda in wurin ya yi zafi kabon ɗinsa yana narkewa ya shige cikin ƙarfen, bakin ya lalace. A nan ake amfani da boron naitiraid, wanda shi ma yana zuwa iri biyu: mai ginin daimon, mai tsananin tauri, da mai ginin girafait, fari mai laushi da santsi. Farin nan kuwa ba ya kai lantarki, don elektron ɗin da suka rage naitirojin ya riƙe su kusa da shi, ba su samu sakewar yawo ba.

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Yaya Injiniya na gode ƙwarai. Tambayar nan ta "me aka raba da me" ta warware mini rabin babin.

Biyu suka rage. In bambancin jeri ne kawai, ana iya mayar da girafait daimon ke nan? Sannan gishiri da jan ƙarfe duka an ce ɗaurinsu mai ƙarfi ne, duka sai zafi mai yawa ke narkar da su, amma in aka doki gishiri sai ya tarwatse, jan ƙarfe kuwa sai dai ya baje ko ya lanƙwashe. Me ya sa?

Tsohon Malamin Kemistiri ya rubuta:

Amin 'yata. Injiniya, madalla da batun danshin nan, ba kasafai ake kawo shi a aji ba.

Ana mayarwa. Abin da zai ba ki mamaki shi ne, a yanayin da muke rayuwa girafait ne ya fi zama daram, da ɗan bambancin da bai wuce kilojul 2 zuwa 3 a kan mol ba. Daimon bai koma girafait ba ne kawai saboda kafin ya koma sai an kwance ɗauri masu yawan gaske a sake ƙulla su, zafin ɗaki kuma ba zai iya wannan aikin ba. In aka gasa shi inda babu iska har sama da digiri 1,500, yana komawa. Juyawa ta ɗaya ɓangaren matsi take so, domin daimon ya fi cushewa: giram 3.5 a kowane santimita kubik, girafait kuwa wajen 2.2. Shi ya sa na halitta yake samuwa a zurfin kilomita 150 zuwa 200 a ƙarƙashin ƙasa. A ƙarshen 1954 masu bincike a kamfanin General Electric a Amurka suka yi nasarar haɗa shi, kuma wannan hanya, ɗaya daga cikin waɗanda ake bi har yau, tana neman matsin da ya haura ninki 50,000 na matsin iska, da zafin wajen digiri 1,400, tare da narkakken ƙarfe da kabon ɗin ke bi ta cikinsa ya sake jeruwa.

Gishiri kuma. Sodiyam ya ba da elektron ɗaya ya zama mai caji tabbatacce, kilorin ya karɓa ya zama mai caji korau, suka jeru ɗaya bayan ɗaya, kowane ayon yana kewaye da shida na kishiyarsa. Jan yana da ƙarfi, sai digiri 801 yake narkewa. In cajin ya ninka, kamar a maganiziyam oksaid inda kowanne ke ɗauke da biyu, narkewar tana haura 2,800. Amma duk ƙarfin ya dogara ne a kan kowa yana fuskantar kishiyarsa. Duka ɗaya ya ture layi da tazarar ayon guda, sai sodiyam ya tsinci kansa gaban sodiyam, kilorin gaban kilorin, jan ya koma turi, wurin ya tsage nan take. Kuma a daskare ba ya kai lantarki, don ayon ɗin suna kafe. A narkar da shi ko a jiƙa shi a ruwa, sai su samu tafiya, wuta ta bi.

A jan ƙarfe babu wannan matsalar. Kowane atam ya saki elektron ɗinsa na waje ga jama'a, duk ginin ke amfani da su tare, kuma duk atam ɗin iri ɗaya ne. Layi ya zame da tazarar atam ɗaya ko goma, maƙwabtan da zai tarar ba su da bambanci da waɗanda ya baro, elektron ɗin kuma suna nan kewaye da shi. Ɗaurin bai damu da fuska ba, saboda haka ƙarfen yana sauya siffa ba tare da ya rabu ba, a ja shi ya zama waya. In ana so a rage wannan zamewar, sai a cusa baƙin atam a tsakani su tokare layukan: ɗan kabon da bai kai kashi 2 cikin ɗari ba shi ke mayar da baƙin ƙarfe mai taushi ya zama mai tauri.

Kuma kada ki ɗauki rabon nan na ayon da kobalen da na ƙarfe kamar katanga ce tsakaninsu. Ki bi layin kabon a jadawali zuwa ƙasa: kabon, silikon, jamaniyam, kuza, dalma. Na sama yana riƙe elektron ɗinsa gam, silikon da jamaniyam suna da ginin daimon amma riƙon ya sassauta har suna ɗan kai lantarki, abin da ya sa ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da silikon, dalma kuwa ƙarfe ce cikakkiya. Kuza tana kan iyaka. Sama da digiri 13 ƙarfe ce fara mai lanƙwasuwa. In ta daɗe a sanyin da ya gaza haka, tana iya juyewa a hankali ta ɗauki ginin daimon, ta yi toka-toka, ta kumbura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ta ruɓushe ta zama gari.

Ga naki aikin. Haidirojin salfaid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, siffarsa kusan irin ta ruwa ce, farar wuta ce kawai ta zauna a wurin oksijin. Nauyin molekul ɗinsa 34, na ruwa 18, kuma a bisa al'ada mai nauyi shi ya fi wuyar tafasa. Amma shi yana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifili, ruwa sai 100. A ma'aunin Pauling na ƙarfin jan elektron, oksijin yana da 3.44, farar wuta 2.58, haidirojin 2.20. Ki duba lambobin nan uku, ki dawo ki gaya mana me ke riƙe molekul ɗin ruwa da junansu wanda haidirojin salfaid ya rasa.